Ciwon Baya: Yadda Ake Tantance Shi Da Magance Shi A Asibiti

Ciwon baya, musamman na ƙugu, yana cikin larurorin da suka fi kai mutane gaban likita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne suka yi fama da shi a shekarar 2020. Bai bar ma'aikacin da ke wuni a kan kujera ba, balle ɗan kasuwar da ke ɗaga buhu da dila.

Likitoci kan kasa shi gida uku gwargwadon daɗewarsa: wanda bai kai mako 6 ba, da na mako 6 zuwa 12, sai mai naci wanda ya haura mako 12. A kusan kashi 90 cikin 100 na masu ciwon, ba a gano wata takamaimiyar cuta da ta haddasa shi.

Aikin likita na farko shi ne ware ciwo mai haɗari ta hanyar tambayoyi da duba jiki. Alamomin haɗari sun haɗa da zazzaɓi, ramewa ba dalili, ciwon da ya biyo bayan faɗuwa ko hatsari, raunin ƙafafu, sagewar matsematsi, da kasa riƙe fitsari ko bayan gida. Waɗannan na buƙatar bincike cikin gaggawa, domin tarin fuka da ciwon daji kan kama ƙashin baya. Idan babu su, galibi ba a buƙatar hoton ƙashi.

Jigon magani shi ne ci gaba da motsa jiki daidai ƙarfi, domin doguwar kwanciya tana ƙara sandarar da baya. Gashi da ruwan ɗumi yana rage raɗaɗi. Akan ba da Ibuprofen ko Diclofenac na ɗan lokaci, amma yawan shansu, ko haɗa biyun, yana iya jawo gyambon ciki da lalacewar ƙoda. Masu hawan jini da masu juna biyu kada su saye su a kemis ba tare da shawarar likita ba.

Ga ciwo mai naci, ƙa'idojin da hukumar ta fitar a 2023 sun fifita atisaye, tausa da wayar da kan majinyaci, sun kuma yi hani da magunguna dangin Tramadol saboda haɗarin kamuwa da jarabarsu.

Wanda ciwonsa ya wuce mako 6 bai sassauta ba, ya koma asibiti. Daga nan akan tura shi sashen gashin ƙashi, ko cibiyar ƙwararru irin Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano.