Mai Sauraro na Uku: Tarihin Sauraren Rediyon Ƴan Sanda da na Masu Kashe Gobara a Amurka

1. Gabatarwa

A nazarin zance an saba ɗaukar mutum biyu a matsayin ginshiƙi, wato mai magana da wanda ake yi wa magana. Erving Goffman, a cikin littafinsa na 1981 wanda aka fassara zuwa Faransanci da sunan Façons de parler, ya nuna cewa wannan lissafi bai cika ba, domin sau da yawa akwai na uku, wanda yake jin maganar alhali ba da shi ake ba. Wannan maƙala za ta bi tarihin irin wannan mai sauraro a fage guda: mutanen Amurka da suka ɗauki shekaru kusan ɗari suna kasa kunne ga rediyon ƴan sanda da na masu kashe gobara, musamman da na'urar da ake kira sikana. Sikana dai akwatin rediyo ce mai bin zanguna ɗaya bayan ɗaya cikin sauri, ta tsaya inda ta ji murya, ta ci gaba idan an yi shiru. Abin da muke son nunawa shi ne, ba harshen ƴan sanda ne ya taɓa korar wannan mai sauraro ba, duk da lambobin da ke cikinsa. Na'ura ce ta kore shi, kuma a baya-bayan nan.

2. Lokacin da kowa ke ji

A watan Afrilu na 1928 ƴan sandan birnin Detroit suka fara aika saƙo a kai a kai daga tasha zuwa motocinsu na sintiri. Magana ce mai tafiya gefe guda: tasha ta faɗi, mota ta ji, amma ɗan sanda ba shi da halin mayar da amsa sai ya nemi wayar tarho. Sai a 1933, a garin Bayonne na jihar New Jersey, aka samu tsarin da mota ke iya amsawa, sannan a 1940 ƴan sandan jihar Connecticut suka shiga amfani da tsarin FM wanda Daniel Noble ya shirya musu.

Abin lura a nan shi ne zangon da aka ba ƴan sanda a wancan lokaci yana dab da zangon tashoshin watsa shirye-shirye, a wajejen kilohaz 1700. Saboda haka akwatin rediyo na gida yana iya kama shi, har ma kamfanoni suka riƙa rubuta sunan ƴan sanda a jikin allon neman tasha domin jawo masu saye. A Shikago, cikin 1929, tashar WGN takan katse shirinta ta karanta saƙon ƴan sanda, kowa yana ji. Ke nan mai sauraro na uku tare aka haife shi da tsarin, bai shigo ta taga ba. Daga cikin waɗanda suka mayar da sauraren sana'a akwai mai ɗaukar hoton nan Arthur Fellig, wanda aka fi sani da Weegee. A 1938 ya samu izinin ajiye rediyon ƴan sanda a motarsa, ya riƙa isa wurin kisa ko gobara a Niyok tun gawa ba ta yi sanyi ba. Hotunan ne ya tara cikin littafinsa Naked City a 1945.

3. Lambobin goma ba zaurance ba ne

Wanda ya fara sauraren wannan rediyo zai ji ana ta faɗin goma-huɗu, goma-ashirin, da makamantansu, sai ya ɗauka zaurance ne, wato an juya magana don kada bare ya gane. Tarihi bai goyi bayan wannan zato ba. Ana danganta tsarin ga Charles Hopper, jami'in sadarwa na ƴan sandan jihar Illinois, a 1937, kuma ƙungiyar jami'an sadarwa ta APCO ta buga jerin lambobin a 1940. Abin da aka buga a fili ai ba asiri ba ne. Manufar ita ce taƙaita magana a kan zango guda da motoci da yawa ke rububi: goma-huɗu na nufin an ji an fahimta, goma-ashirin na nufin wurin da mutum yake.

Kalmar goma kanta ta fi komi jan hankalin mai nazarin harshe. Na'urorin farko na mota suna ɗaukar ɗan lokaci kafin su kai cikakken ƙarfi bayan an danna maɓalli, don haka gaɓar farko ta magana takan ɓace. Sai aka sa wa kowace lamba gaɓar da ba a damu da ɓatanta ba. Wannan shi ne abin da Roman Jakobson ya kira, a fassarar Faransanci, fonction phatique: furucin da aikinsa buɗe hanya ne, ba ɗaukar labari ba, kamar yadda Bahaushe ke yin gyaran murya ko sallama a ƙofar zaure kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. (Hausa ma ta ɗebi rabonta daga wannan salo na magana: sunan oba-oba da muke kiran rediyon hannu da shi ya fito ne daga kalmar Ingilishi da mai magana ke faɗi idan ya gama, don ya miƙa wa abokinsa hanya. Mun ji kalmar daga bakin wasu, ba da mu ake ba, muka laƙaba wa na'urar.)

Lambobin kuwa ba su zauna wuri ɗaya ba. Kowace hukuma ta yi nata gyara har suka zama kamar karorin harshe. Goma-sha-uku a jerin APCO tambaya ce game da yanayi da halin hanya, amma a Niyok tana nufin ɗan sanda yana cikin haɗari, a kawo ɗauki. Masu sauraro na gida sun haddace su cikin sauƙi, shirin talabijin na Highway Patrol ya yaɗa goma-huɗu tsakanin 1955 da 1959, direbobin manyan motoci suka ɗauka. Waɗanda lambobin suka rikita su ne ƴan sandan wata hukuma. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 da guguwar Katrina ta 2005, inda jami'ai daga wurare dabam-dabam suka haɗu a aiki ɗaya, gwamnatin tarayya ta nemi a koma magana kai tsaye a duk aikin haɗin gwiwa, kuma jihar Virginia ta bi wannan hanya a 2006. A ganinmu wannan ita ce hujja mafi ƙarfi: lambar da ake zaton tana toshe kunnen bare, abokin aiki ta toshe wa.

4. Sikana da doka

Da ƴan sanda suka hau zanguna na sama, rediyon gida ya daina kama su, sai kasuwa ta cike giɓin. A 1968 kamfanin Electra na jihar Indiana ya fito da Bearcat, wadda ke bin tashoshi kaɗan, kowace da ɗan ƙarau nata da ake saye dabam. A tsakiyar shekarun 1970 aka samu waɗanda ake shigar wa lambar zango da hannu. Ɗakunan labarai suka ajiye su a kunne dare da rana. A ƙauyuka kuma, inda akasarin masu kashe gobara ƴan sa kai ne, iyalansu da maƙwabta sukan ji kiran gobara a daidai lokacin da aka yi shi.

Dokar tarayya ta 1986 mai kare sirrin sadarwa ta haramta sauraren wayar salula, amma ta bar rediyon ƴan sanda da na masu kashe gobara a buɗe muddin jama'a na iya kama shi, wato muddin ba a kulle muryar da na'ura ba. Daga 1994 aka hana kerawa ko shigo da sikana mai kama zangon salula. Hanin bai shafe tsofaffin na'urori ba: a Disamba 1996 wasu ma'aurata a Florida suka naɗi maganar shugaban majalisar wakilai Newt Gingrich da abokan siyasarsa, maganar ta kai ga jaridu, su kuma aka ci su tara. Ya kamata a lura da ma'aunin da dokar ta ɗauka. Ba ta tambayi ko da kai ake magana ba, ta tambayi ko hanyar a buɗe take. Da haka ta miƙa wa kowace hukuma makulli.

Turai ba ta bi wannan tafarki ba. A Ingila doka ta haramta sauraren tun 1949, a Faransa kuma jandarma da ƴan sanda suka koma tsarin dijital mai kulle tun daga shekarun 1990, da RUBIS da ACROPOL.

5. Rufewar ƙofa

Intanet ta sauya girman mai sauraro na uku. Mutum ɗaya mai sikana yana iya tura abin da yake ji ga dubban wayoyi ta hanyar Broadcastify. A Afrilu 2013, lokacin farautar waɗanda suka kai harin tseren Boston, ƴan sanda suka roƙi jama'a su daina yaɗa wuraren da jami'ai suke. A cikin makon ne aka yaɗa sunan wani ɗalibi da ya ɓata, aka ce an ji shi a rediyon ƴan sanda a matsayin wanda ake zargi, alhali ba shi da hannu. Maganar rediyo magana ce ta wucin gadi, cike da zato da gyara, mai dogara ga abin da masu yin ta suka riga suka sani. Idan aka rubuta ta aka watsa, sai ta ɗauki nauyin sanarwa.

Hukumomi suna da hujjar da ba a rainawa. Ana faɗin sunaye da adireshin mutanen da aka zalunta a kan iska, kuma a Oktoba 2020 ma'aikatar shari'a ta Kalifoniya ta umurci ƴan sanda su kare irin waɗannan bayanai, da yawansu suka zaɓi kulle komi. Shikago ta kulle nata, ta bar wa jama'a sauraro mai jinkirin minti 30. Niyok ta fara kullewa a 2023, daga wasu unguwannin Brooklyn. Sai dai kare sunan wanda aka zalunta abu ne da ake iya yi ta wata tasha ta dabam, kamar yadda wasu hukumomin Kalifoniya suka yi. Kulle komi kuwa yana nufin ɗan jarida ba zai san an yi harbi ba sai hukumar da ta yi harbin ta sanar da shi, da kalmomin da ta zaɓa, a lokacin da ta ga dama. Tashoshin masu kashe gobara sun fi zama a buɗe, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda aikinsu bai cika jawo ƙara a kotu ba.

Akwai kuma asarar da ta shafi fanninmu. Muddin zangon yana buɗe, ɗalibi na iya naɗar magana ta haƙiƙa ta ma'aikata a bakin aiki, ya nazarci karɓa-karɓar zance da gajarta jimla da gyaran kuskure ba tare da ya nemi izinin kowa ba. A biranen da aka kulle, sai ya rubuta takardar neman faifai, ya jira abin da za a ba shi.