Matsalar Ma'auni wajen Tsara Burin Rage Hayaƙi a Masana'antun Siminti na Najeriya

Dokar Sauyin Yanayi da Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba wa hannu a watan Nuwamban 2021, jim kaɗan bayan alkawarin da ya ɗauka a taron sauyin yanayi na Glasgow cewa nan da shekarar 2060 hayaƙin da Najeriya ke fitarwa ba zai wuce wanda ake shanyewa ba, ta wajabta wa duk kamfani mai zaman kansa da ke da ma'aikata 50 zuwa sama ya ɗauki matakan rage iskar kabon, ya kuma naɗa jami'in da zai kula da lamarin. Wannan maƙala ta ɗauki masana'antar siminti a matsayin misali, domin a cikinta ne tazarar da ke tsakanin rubuta buri da cika shi ta fi fitowa fili.

Ana samar da siminti ne ta hanyar gasa dutsen farar ƙasa a tanderu mai zafin da ya kai kimanin digiri 1,450, har ya zama ƙwallaye masu tauri da ake kira kilinka, waɗanda daga baya ake niƙawa. Fiye da rabin iskar kabon da ke fita ba daga makamashi take ba, daga jikin dutsen kansa take rabuwa yayin gashi, kimanin rabin tan a kowane tan na kilinka. Saboda haka, masana'anta a Obajana ko Kalambaina ko Ashaka tana iya barin kwal ta koma gas, ko ta riƙa ƙona ɓuntun shinkafa, amma wannan kaso ya kasance yana nan daram.

A nan ne zaɓin ma'auni yake da nauyi. Buri iri biyu ne: na jimla, wanda ke ƙididdige dukkan iskar da kamfani ya fitar a shekara, da kuma na gwargwado, wanda ke auna iskar da ta fita a kan kowane tan guda. Kamfanoni sun fi karkata ga na biyu, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Idan aka ƙaddara kamfani ya rage kashi 10 cikin 100 a kowane tan, alhali simintin da yake samarwa ya ƙaru da rabi, to jimlar hayaƙinsa ta hau da kashi 35, duk da cewa rahotonsa na shekara zai nuna an cim ma buri. A ƙasar da ke ƙishin gidaje da hanyoyi, hana ƙaruwar samarwa ba abu ne mai yiwuwa ba, sai dai adalci shi ne a bayyana alƙaluman biyu tare, da shekarar da aka fara lissafi daga gare ta.

Burin da ya fi taɓa tushen matsalar shi ne rage yawan kilinka a cikin kowane buhu, ta hanyar gauraya shi da gasasshen yumɓu da niƙaƙƙen dutsen da ba a gasa ba, tun da yumɓu ba ya buƙatar zafi irin na kilinka. Akwai kuma ƙura, wadda lissafin kabon ba ya ganinta ko kaɗan, alhali ita ce manomin da ke maƙwabtaka da masana'anta yake gani kwance a ganyen dawarsa, don haka tana buƙatar nata burin da nata ma'aunin daban, ƙarƙashin sa idon hukumar kare muhalli ta NESREA da aka kafa a 2007.