Bashi, Gaskiya Da Riƙon Amana: Darasi Daga Tarihin Leƙen Asiri A Amurka

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya 'yan'uwana matasa, a ƙasar Amurka ba a bari ma'aikaci ya ga takardun sirrin gwamnati sai an tantance shi an ba shi izini na musamman. Daga cikin abubuwan da ake tonowa akwai bashin da ke kansa. Me ya haɗa bashi da tsaron ƙasa? Tarihi ne ya haɗa su.

A shekarar 1967 wani jami'in sadarwa na sojan ruwa mai suna John Walker, wanda mashayar da ya buɗe ta jefa shi cikin bashi, ya shiga ofishin jakadancin Tarayyar Sobiyat da ke Washinton ya sayar da mabuɗan saƙonnin sirri. Ya ci gaba da haka har 1985, lokacin da aka kama shi bayan matar da suka rabu ta tona masa asiri. A wannan shekarar kuma aka kama Ronald Pelton, tsohon ma'aikacin hukumar NSA, wanda ya karye a 1979, sannan ya sayar da labarin yadda Amurka ke sauraren wayar sojan Sobiyat da ke ƙarƙashin teku.

Mafi muni shi ne Aldrich Ames na hukumar CIA. A watan Afrilu na 1985, bashi da ɗawainiyar rabuwar aure sun yi masa katutu, sai ya nemi dala 50,000 daga Sobiyat. Da ya ɗanɗana, bai tsaya ba. Ya miƙa sunayen mutanen da ke yi wa Amurka aiki a ɓoye, aka kashe aƙalla 10 daga cikinsu. Ya sayi gida na dala 540,000 kuɗi hannu, abin da albashinsa ba zai taɓa ɗauka ba, amma sai a 1994 aka kama shi aka yi masa ɗaurin rai da rai.

Bayan wannan abin kunya, a 1995 Shugaba Clinton ya sa hannu a kan umarni mai lamba 12968, wanda ya ƙarfafa binciken dukiyar masu neman izinin. Ƙa'idojin tantancewar guda 13 ne. Ɗaya ta shafi harkar kuɗi, wata kuma halin mutum da gaskiyarsa. Abin lura a nan: bashi shi kaɗai ba ya hana izini. Wanda rashin lafiya ko rasa aiki ya jefa shi bashi, ya bayyana, kuma yana ƙoƙarin biya, ana iya yi masa uzuri. Amma wanda ya ɓoye a takardar da ake cikewa, to ya kashe kansa da kansa, domin ƙarya a cikinta laifi ne da kan kai ga ɗaurin shekara 5. Hujjarsu ita ce, mai abin ɓoyewa yana da igiya a wuya, duk wanda ya gano ta zai iya jan sa.

Wannan kuwa Musulunci ya riga ya karantar da shi. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya kasance yana yawaita neman tsari daga bashi. Da aka tambaye shi dalili, sai ya bayyana cewa bashi kan kai mutum ga ƙarya a zance da saɓa alkawari. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi da kafa shaidu. Haka nan malaman tarihi sun kawo cewa Sayyidina Umar (RA) yakan rubuta dukiyar gwamna yayin naɗa shi, don a gane abin da ya ƙaru. Da an yi wa Ames haka da wuri, da wataƙila rayuka sun tsira.

Don haka ɗan'uwa, cin bashi halal ne, amma ka rubuta shi, ka faɗi gaskiya idan ka gaza, kada ka kashe waya don gudun mai bin ka. Wanda ya saba ƙarya a kan naira dubu, ranar da aka damƙa masa amanar jama'a ba zai zama wani mutum dabam ba.

Allah Ya biya mana basussukanmu, Ya wadata mu da halal. Wallahu a'alam.