Canjin Hannu da Waji a Ƙasar Argungu

Ran Lahadi, 2 ga Afrilu 1972, Gwamnatin Janar Gowon ta komar da tuƙin mota a Nijeriya daga hannun hagu zuwa hannun dama. Hagun nan gadon Turawan Ingila ne, alhali maƙwabtanmu, watau Nijar da Dahomey da Cadi da Kamaru, duk dama suke bi. Direbobin ƙasar Argungu sun fi na wurare da yawa sanin wannan wahala, domin wanda ya ɗauko kaya ya bi ta Kamba zuwa Gaya, tilas ya sake hannu da zarar ya tsallaka iyaka, in ya juyo ya sake kuma.

To, doka ta juya hanya a rana ɗaya, amma ba ta juya sitiyari ba. Tsofaffin manyan motoci suka ci gaba da aiki, sitiyarinsu na dama, direba ya koma can bakin titi. In zai wuce wata mota ba ya hango abin da ke tafe, sai yaron mota ya leƙa ya ce masa ya shiga ko ya dakata. Ran fasinja arba'in ya rataya ga idon yaro ɗaya ke nan.

Ni dai a ganina, nan tarihin ya fi ban tsoro. Mu a tasha, in mota ta sami aibi ba a kai ƙara, sai a ba wani aikin rufe aibin. Dubi waji, guntun katakon nan da yaron mota ke dirowa da gudu ya cusa ƙarƙashin taya a hawa. Mene ne shi in ba shaidar cewa mai mota bai amince da birkinsa ba? Amma har kirari ake yi wa yaron da ya iya sa shi.

Ma'aikatan duba motoci, 'yan bi'ai'o, suna nan tun kafin a kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, wadda Wole Soyinka ya fara shugabanta. Sai dai ma'aikaci yakan ga mota ne tana tsaye. Wanda ya ji birki na shan iska tsakanin Argungu da Birnin Kebbi shi ne direba, shi kuwa in ya faɗa yana tsoron mai mota ya karɓe makulli. Fasinjan da ya yi magana kuma, 'yan'uwansa fasinjoji ne ke fara ce masa in yana tsoro ya sauka.