Gidan Tarihin Peale: Taskar da Gwamnatin Amurka Ta Ƙi Karɓa

A shekarar 1786 mai zane Charles Willson Peale ya buɗe gidan adana kayan tarihi a gidansa da ke birnin Filadelfiya, ɗaya daga cikin na farko a Amurka da aka buɗe wa kowa da kowa. Ya rataye hotunan jagororin yaƙin neman 'yanci da ya zana da hannunsa, irin su George Washington, sannan ya jera tsuntsaye da dabbobin da aka busar bisa tsarin masanin halittu Linnaeus. Kuɗin shiga santi 25 ne.

Akwai siyasa a cikin aikin. A wancan zamani masanin Faransa Buffon yana da'awar cewa dabbobin nahiyar Amurka ƙanana ne kuma raunana. A 1801 Peale ya tono ƙasusuwan mastodon, wata dabba mai kama da giwa da ta daɗe da ƙarewa, a kusa da Newburgh ta jihar New York, ya harhaɗa su ya baje. Amurkawa suka ɗauki ƙwarangwal ɗin a matsayin amsa ga Turai. A 1802 gidan ya koma benen da aka rattaba hannu kan takardar 'yancin ƙasar.

A wannan gida da ke ɗaukaka 'yanci ne Moses Williams, wanda ya tashi bawa a hannun Peale, ya shafe shekaru yana yanka wa baƙi surar fuskokinsu a takarda.

Peale ya nemi gwamnati ta mayar da gidan na ƙasa, amma Shugaba Thomas Jefferson ya amsa masa cewa tsarin mulki bai ba majalisa wannan iko ba. Gidan ya ci gaba da dogaro da kuɗin ƙofa. Bayan mutuwar Peale a 1827 bashi ya yi masa katutu, daga baya aka sayar da yawancin kayan ga 'yan kasuwar nishaɗi P. T. Barnum da Moses Kimball, gobara kuma ta laƙume da dama daga ciki. A gwanjon 1854 hukumar birnin ta sayi hotuna masu yawa, suna nan a Filadelfiya har yau. Ƙwarangwal ɗin mastodon kuwa yana birnin Darmstadt na Jamus.