Konrad Beyreuther da Asalin Dattin da ke Cinye Tunani

A ƙasar Hausa, idan tsoho ya fara manta sunayen ƴaƴansa, ko ya ɓace a unguwar da aka haife shi, akan ce gigin tsufa ne ya kama shi, a rungumi haƙuri. Turawa ma haka suka ɗauki al'amarin har farkon ƙarni na 20. A shekarar 1901 aka kawo wa likita Alois Alzheimer, a asibitin masu taɓin hankali na birnin Farankfot a Jamus, wata mata mai shekara 51 da ake kira Auguste Deter, wadda tunaninta ke zubewa tun ba ta tsufa ba. Da ta rasu a 1906, sai ya duba ƙwaƙwalwarta da madubin likita, ya tarar da wasu curarrun datti a tsakanin ƙwayoyin jijiya, da wasu zaruruwa da suka cukurkuɗe a cikinsu. A 1910 maigidansa Emil Kraepelin ya raɗa wa cutar sunan Alzheimer. Daga nan aka shafe shekara sama da 70 ana kallon wannan datti ba tare da an san da me aka yi shi ba.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka warware wannan ƙulli shi ne Konrad Beyreuther, wanda aka haifa a 1941 a yankin Saksoni na Jamus. Ba likita ba ne; ilimin sinadarai ya karanta a Munik, ya yi digirinsa na dakta a ƙarƙashin Adolf Butenandt, wanda ya taɓa samun lambar Nobel. Sana'arsa ita ce karanta furotin. Kowane furotin a jikin mai rai kamar carbi yake, an jera shi da ƙananan duwatsu iri 20 da ake kira asid amino, kuma jerin nasu ne ke nuna aikinsa. A Cibiyar Nazarin Gado ta jami'ar Kolon, tare da Benno Müller-Hill, ya shafe shekaru yana karanta wani furotin na ƙwayar bakteriya da ke toshe hanyar narkar da sukarin madara. Babu wanda zai ce wannan aiki zai kai shi ga ƙwaƙwalwar tsofaffi.

Abin da ya juya akalarsa shi ne haɗuwarsa da Colin Masters, likitan nazarin gawa daga Ostareliya. Masters ya iya tace curarrun dattin nan daga ƙwaƙwalwar mamata, amma sun ƙi narkewa a duk ruwan da aka saba amfani da shi, kuma abin da bai narke ba, ba ya karantuwa. Sai da aka jiƙa su a asid fomik, ruwan tsamin nan mai zafi da ake samu a jikin wasu tururuwa, sannan suka saki. A 1985 mutanen biyu suka bayyana cewa zuciyar dattin wani guntun furotin ne mai duwatsu kimanin 40, suka kira shi A4. Shekara guda kafin haka George Glenner da Caine Wong, a Amurka, sun ciro irinsa daga hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa. Shi ne a yau ake kira amiloyid-beta.

Sai wata tambaya ta taso: daga ina guntun ya gutsuro? A wancan zamani wasu masana na zargin wata ƙwayar cuta da ke shigowa daga waje. Amsar ta fito a 1987, lokacin da Jie Kang, da Müller-Hill, da Masters, da Beyreuther da abokan aikinsu suka buga sakamakonsu a mujallar Nature. Guntun ya fito ne daga wani babban furotin mai duwatsu 695, wanda aka yi wa laƙabi da APP, kuma jikin kowane ɗan Adam yana ƙera shi, mai lafiya da maras lafiya. Wasu rukunonin masana a Amurka sun isa ga wannan ƙwayar gado a shekarar, amma ƴan Kolon ne suka fitar da cikakken jerinta. An same ta a kan kuromozom na 21, wanda masu larurar Down ke ɗauke da guda uku maimakon biyu, abin da ya bayyana dalilin da ya sa dattin ke taruwa da wuri a ƙwaƙwalwarsu. A 1991 rukunin John Hardy a Landan ya gano wani canji a cikin APP da ke gadar da cutar a wasu iyalai. Ashe ɓarawon ɗan gida ne.

Daga nan hankalin yawancin masu bincike ya koma kan guntun mai guba da yadda za a hana shi fitowa. Beyreuther, wanda ya koma jami'ar Haidalbag a 1987, bai saki ɗaya tambayar ba: idan kowa na ƙera APP tun yana cikin uwarsa, wane aiki yake yi a lokacin lafiya? Tun a rubutun farko sun lura cewa siffarsa ta furotin da ke kafe a fatar ƙwayar halitta ce, kansa a waje, wutsiyarsa a ciki. Daga baya aka nuna cewa yana kama kolajin da heparin, wato irin kayan da ke cike tsakanin ƙwayoyi. A 2005 ɗakin bincikensa ya yi wani gwaji mai sauƙin fahimta. Suka ɗauki ƙwayoyin halittar ƙuda waɗanda a al'ada ba sa manne wa juna, suka sa su ƙera APP ko danginsa biyu, APLP1 da APLP2, sai ga ƙwayoyin suna dunƙulewa. Furotin ɗin da ke kan wannan ƙwaya yana miƙa hannu ya riƙe na kan maƙwabciyarta. Gwaje-gwajen Ulrike Müller a kan ɓeraye sun ƙarfafa wannan fahimta: waɗanda aka cire musu dangin uku gaba ɗaya suna mutuwa jim kaɗan bayan haihuwa, da ƙwaƙwalwar da ƙwayoyinta suka kauce wa mazauninsu.

Wannan na nufin cewa abin da ke haifar da dattin yana daga cikin ƙaron da ke riƙe mahaɗar jijiyoyi, inda tunani ke wucewa daga ƙwaya zuwa ƙwaya. Jiki na da wasu sinadarai masu aikin almakashi da ke yanka APP. Idan yankan ya faɗa a wani wuri, babu lahani. Idan ya faɗa a wasu wurare biyu, sai guntun mai mannewa ya fito. Kamfanonin magani sun yi ƙoƙarin dasashe almakashin, suka sha mamaki. A 2010 aka dakatar da gwajin maganin semagacestat domin marasa lafiyan da suka sha shi sun fi taɓarɓarewa. Almakashin da aka toshe ba APP kaɗai yake yanka ba. Yana yi wa wasu furotin da dama aiki, ciki har da Notch da kadherin, wani babban ƙaro na ƙwayoyin jiki. Mai son ya tsige ciyawa bai san inda saiwar gero ta bi ba.

Magungunan da suka fara nuna amfani sun bi wata hanya, ta share dattin bayan ya fito. Lecanemab, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi cikakkiyar amincewa a 2023, ya rage saurin lalacewar tunani da kashi 27 cikin ɗari a wata 18 na gwaji. Ba ya warkarwa, yana da tsada, kuma yana iya jawo kumburi ko zubar jini a ƙwaƙwalwa. Shi ya sa har yanzu masana ke gardama kan ko amiloyid kaɗai ya isa ya bayyana cutar.

A 1997 Beyreuther da Masters, tare da James Gusella, suka karɓi lambar Sarki Faisal ta fannin likitanci a Riyad. Daga 2001 ya yi wa gwamnatin jihar Baden-Württemberg aikin mai ba da shawara a zamanin fargabar cutar haukan shanu, sannan ya kafa cibiyar binciken tsufa a Haidalbag, inda ya riƙa jan hankalin jama'a kan motsa jiki da kula da abinci a matsayin rigakafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum miliyan 57 ne ke fama da gigin tsufa, fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Iyalan waɗannan mutane ba su samu waraka daga aikin Beyreuther ba tukuna, amma sun samu sanin cewa abin da ke damun tsohonsu cuta ce mai asali a cikin jiki, ba sammu ko taɓarar tsufa ba.