Daga wuri zuwa jika: tarihin da muke ɗauke da shi a baki

Ranar nan a fadarmu ana jiran shayi na biyu, wani ƙanenmu ɗan aji shida ya dawo daga aike yana ƙunƙuni. Wai mai tebur ya ce masa sukari dala saba'in, shi kuma sai da ya tsaya ya buga lissafi kafin ya gane 350 ake nufi. Ya ce: "Wannan ƙirgen na jahilci ne, me ya sa ba za a faɗi abin da ke rubuce ba?" Muka yi dariya, amma maganar ta tsaya mini a rai. Gaskiya ne, babu takarda ko ƙarfe ɗaya a aljihunmu da aka rubuta wa "dala" ko "jika". To daga ina muka samo su?

Mu fara da kalmar "kuɗi" kanta. Asalinta jam'in "wuri" ce: wuri ɗaya, kuɗi da yawa. Wurin nan kuwa ƙwanson wata ƴar halittar teku ce, mafi yawansa daga tsibiran Maldib da ke tekun Indiya aka kwaso shi. Wani ya biyo raƙuma ta hamada, wani ya biyo jiragen Turawa zuwa bakin teku, fatake suka hauro da shi. Ka ga ke nan tun kakannin kakanni, abin da muke ciniki da shi baƙo ne.

A watan Janairu na 1851 wani Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya sa wa kansa suna Abdulkarim, ya sauka Tasawa. Can ya tarar ana ƙirga wuri dubu 500, kuma ya rubuta yadda ake yi: ana jan wuri biyar-biyar da yatsu, a tara shi tsibi-tsibi na 200 ko na 1,000. Ashirin ita ce hauya, ɗari zangu, dubu zambar, sannan a ɗure dubu 20 cikin buhu guda. Har yau Zabarmawa na cewa zangu da zambar. Mu kuma mun riƙe jakar: ita ce jikar da muke faɗi.

A Kano a waccan shekara, wuri 2,500 ke sayen azurfa guda ta Turai. Wannan azurfa ita ce uwar dalarmu. Wadda ta fi shahara ita ce ta ƙasar Ostiriya mai hoton sarauniya Mariya Tereza. Matar ta mutu a 1780, amma aka ci gaba da buga kuɗin da wannan shekara a jikinsa, don ƴan kasuwa daga Habasha har Barno ba su yarda da wani iri ba. Sunanta "taler", daga nan "dollar" ta fito, bakin Bahaushe ya mayar da ita dala. Wato dalarmu da dalar Amurka kaka ɗaya suka haɗa, sai dai ɗaya ta yi arziki, ɗaya ko alewa ba ta saye.

Wuri bai mutu da kansa ba. Tun wajen tsakiyar ƙarni na 19 ƴan kasuwar Jamus suka riƙa jibgo wani irin wuri mai araha daga Zanzibar, har darajarsa ta zube, ya zama kuɗin dakonsa na neman cinye shi in tafiya ta yi nisa. Sannan Faransawa suka ci Damagaram a 1899. Makaminsu na biyu bayan bindiga shi ne lanho: dole a biya shi da kuɗin Nasara. Manomin da bai taɓa bukatar faran ba, yanzu tilas ya sayar da gero, ya noma gyaɗa, ko ya tafi cin rani, don ya samo ƙarfen da zai kai wa sarki. Ba banza ba har yau ake ce wa kuɗi "ƙarfen Nasara".

Babban ƙarfen Faransa na lokacin azurfa ne na faran biyar, mai kama da tsohuwar dala a girma. Mutane ba su wahalar da kansu ba, suka liƙa masa tsohon suna. Faran ɗaya kuma ya zama tamma. Da aka ƙirƙiro sefa ranar 26 ga Disamba 1945, dala ta sake tsallakawa ta zauna kan sefa biyar. Ba mu kaɗai ba ne: Bambara a Mali suna ƙirga da "dorome", Wolof a Senegal da "derem", duk faran biyar ne. Don haka idan inna ta ce dala arba'in ta miƙo 200 ba tare da ta taɓa shiga lakwal ba, ku sani ninki biyar take bugawa a ka, sau ɗari a wuni. Wane jahilci?

Wasu kalmomin kuma ta iyaka suka shigo mana. Mutumin Maraɗi ko Ƙonni zai rantse maka ba shi da ko sisi, ko kwabo, ko anini, alhali ba a taɓa buga ɗaya daga cikinsu don ƙasar nan ba. Kuɗin Ingila ne na Najeriya: kwabo shida sisi, kwabo uku taro, goma sha biyu sule, wanda ya haifi "sulalla". Anini shi ne auta, goma ke yin kwabo ɗaya. Naira ta kore su a 1973, amma sun maƙale a baki. Ita ma jaka can ta yi tata tafiyar: fam 100 ce, ta koma naira 200. A nan kuwa jika dala 200 ce, wato sefa 1,000. Kalma ɗaya, iyaka ta raba ta gida biyu.

Sai kuma sunayen sakaye: masu gidan rana, farare, tsaba, ƴan canji, abin hannu, na goro. Bahaushe ba ya son kiran kuɗi gatsal, kamar yadda amarya ba ta kiran sunan miji. Ko mu nan, wa ya taɓa ce wa abokinsa "ba ni kuɗi"? Sai dai "ɗan taɓa ni mana, bursu ba ta faɗo ba."

Amma ga inda ya kamata mu buɗe ido. Suna yana daɗewa, daraja ba ta daɗewa, kuma daɗewar sunan kan rufe mana ido. A Janairun 1994 aka zauna a Dakar aka karya sefa gida biyu: faran ɗaya na Faransa da ke sefa 50 ya koma 100. Iyayenmu sun kwana da jika, sun tashi da jika, amma a kantin magani rabin jika ce. A ƙarshen 2004 kuma BCEAO ta janye tsofaffin takardu, har da ta jika biyu da rabi da yawancinmu ba mu taɓa riƙewa ba. Duk wanda ya cusa nasa cikin katifa ko matashi ya manta har wa'adi ya wuce, takardar banza ya tarar. Haka aka yi wa masu tukwanen wuri shekaru ɗari kafin nan.

Yau ana ta muhawara a fada da rediyo kan barin sefa da buga sabon kuɗi. Ni dai na tabbata ko wane suna aka ba shi, ba zai yi wata guda a kasuwar Dole ba sai ƴan koli sun raɗa masa nasu, mai yiwuwa ma dala da jika su sake hayewa kansa. Tambayar da ta dace da mu ɗalibai ita ce wa zai yanke darajarsa, a wane gari, kuma da wa za a yi shawara. Daga Maldib zuwa Ostiriya, daga Faris zuwa Dakar, ba a taɓa tambayar mai tallan ƙosai ba, ita ce kuwa ke fara ji a jikinta.

Ƙanen namu dai mun sake aikensa, mun ce ya sayo gawayi na dala talatin. Wannan karon bai tsaya lissafi ba.